Hotunan Ɗakin Hamisu Ohayo

Maza huɗu ne suka ciccibo shi daga cikin keke napep, amma duk da haka sai da ƙafarsa ɗaya ta bugi bakin kwata. Ladidi tana zaune gaban tandarta a ƙofar gida, da cokalin juya waina a hannu, ba abin da ya wuce mata. Ta ga yadda wuyan Hamisu Ohayo ya tsotse, ta ga matarsa Hafsat riƙe da ledar magunguna tana share ido da bakin hijabi, ta kuma ji mai keken yana gaya wa wani cewa likitoci sun ce a koma da shi gida a ci gaba da addu'a. Duk unguwar Abakpa babu wanda bai san fassarar wannan magana ba.

"Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya," in ji matar da ke tsaye tana jiran a zuba mata.

Ladidi ta ce, "Da miya za a sa miki ko da ƙuli?"

Ba sai an yi wa maganar kwaskwarima ba, daɗi ta ji. Daɗi har cikin ƙashinta. Shekara goma sha biyar tana jiran ranar da za ta ga mutumin nan a hannun jama'a ana ɗaukarsa kamar buhun gawayi. Sai dai kafin wainar da ke tanda ta soyu daɗin ya gushe, tsoro ya zauna a wurinsa. In Hamisu ya mutu bakinsa a rufe, to shi ke nan, mijinta ya tabbata ɓarawo a unguwar nan har abada.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Shi Hamisu, tun yana saurayi aka tura shi Amurka koyon aikin lantarki, ya yi shekara uku a wata jiha da ake kira Ohayo. Ya dawo da takardar shaida, ya dawo da laƙabi, ya kuma dawo da wani irin hauka da ba a taɓa gani ba. Wai wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, alhali rungumar ƙwallon suke yi su zura a guje, ita kanta ƙwallon kamar gwanda. A garin da samari ke kai wa juna naushi kan ƙungiyoyin Turai, shi kaɗai ne ke bin wannan wasa, kuma bai damu ba. Tara kayan wasan yake yi. Fastoci, da bangon tsofaffin littattafan wasa waɗanda aka zana da hannu tun kafin a haife shi, da ƙananan tutoci masu tsini, da katunan 'yan wasa cike da gwangwanayen biskit, da 'yan tsana masu manyan kawuna da ke kaɗawa in an taɓa su. Masu gwanjo a Kasuwar Barci duk sun san shi. In suka kwance dila suka ga jesi mai ƙatuwar lamba a gaba da baya, gefe suke ajiye ta su ce ta Ohayo ce.

Sharhabil, mijin Ladidi, kafinta ne, kuma shi ya yi wa hotunan nan firam ɗaya bayan ɗaya. Da katakon maɗaci yake yi, ya yanka gilashi daidai, ya toshe baya da kyau saboda gara da danshin damina. Yakan dawo gida yana dariya ya ce, "Yau ma na kulle wani ƙato a gilashi, kafaɗarsa ta fi ƙofar ɗakinmu faɗi." Ya yi wa Hamisu kanta mai hawa uku, inda ake jera ƙwallaye da hulunan kwano. Ko sallama ba ya jira a amsa masa in zai shiga gidan, saboda sabo.

A cikin kayan akwai wata tsohuwar hula ta fata, irin wadda 'yan wasan ke sawa kafin a fara yin ta kwano. Baƙa, duk ta tattare, in ka gan ta a bola ba za ka sunkuya ba. Amma ita ce ran Hamisu. Wata Laraba ya duba kanta bai gan ta ba, kuma ranar Sharhabil ne kaɗai baƙon da ya shiga ɗakin. Bai tambaye shi ba, bai kira liman ba, bai ko leƙo ta katanga ya ce maƙwabci zo mu yi magana ba. Wajen 'yan sanda ya tafi kai tsaye.

Kwana huɗu Sharhabil ya yi a tsare. Ya fito kunnensa na hagu ya daina ji. Wannan ma da sauƙi. Kafinta abincinsa a cikin gidajen mutane yake, shi ke shiga har uwar ɗaka ya gyara gado, ya ɗaura ƙofa. Daga ranar ba wanda ya sake cewa ya shigo. Mutumin da ke yin firam kamar a lashe ya koma buga bencin masu shayi a bakin titi, ana ce masa Sharhabil mai hula, wasu a bayan idonsa, wasu ma ta gefen kunnen da ba ya ji. Sau biyu ana zuwa neman auren 'yarsu Fiddausi, in dangin miji suka shigo unguwa bincike sai a ji shiru. Sai da aka kai ta Zariya wajen gwaggonta sannan ta auru. Shekara shida ya yi a haka, ya kwanta ciwon kwana tara, ya tafi.

Kwana uku da binne shi Hafsat ta shigo gidan Ladidi tana kuka kamar ranta zai fita. Ashe ita ce ta ɗauki hular. Tana shara ta gan ta, ta zaci tsumman da mai gida ya manta bai yar ba ne, ta kai akurki ta sa wa kazarta ta yi kwanci a ciki. Da rigima ta tashi tsoro ya hana ta magana. Bayan wata biyar Hamisu da kansa ya tsinci hularsa a akurki, da kashin kaji da gashinsu. Ya wanke ta, ya shafa mata mai, ya mayar kan kanta.

"To me ya hana ku faɗa?" Ladidi ta tambaye ta ranar.

"Malam ya ce in na buɗe baki, a bakin aurena."

Kunya ce wai. Kada a ce mutumin da ya je Amurka ya sa an daki maƙwabcinsa saboda kaza. Su kuwa 'yan unguwa da suka ji hula ta dawo, cewa suka yi ai ɓarawon ne ya sha wuya ya jefo ta ta katanga. Shekara tara ke nan Ladidi tana riƙe da gaskiyar nan ita kaɗai. Ta faɗa wa mutum biyu uku, suka ce Allah ya jiƙansa, da irin muryar da ake lallashin wadda baƙin ciki ya taɓa wa kai.

Kwana biyu da dawo da Hamisu daga asibiti, bayan azahar, Hafsat ta yi sallama a tsakar gidan Ladidi. Ba ta zauna ba.

"Yaya Ladidi, Malam yana son ganinki."

Ladidi ta ci gaba da wanke shinkafar ƙullun gobe. Sai da ta tsiyaye ruwan tas, ta goge hannu, ta ɗauki mayafi, sannan ta ce, "Mu je."

Rabonta da ɗakin nan tun kafin a kama mijinta. Bai sauya ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Daga sama har ƙasa ba ka ganin fenti. Ƙartai masu faɗin kafaɗa, wani ya yi tsalle sama, wani ya rungume ƙwallo a ƙirji, wani an zana shi yana murmushi da haƙora fari fat. Warin man zafi da na tsohuwar takarda ya cika ko'ina. An jawo gadon Hamisu tsakiyar ɗaki yadda duk inda ya juya ido zai ga mutanensa. Can saman kanta kuma ga ta nan, baƙar hular, sai sheƙi take yi.

"Maman Fiddausi," in ji shi. Muryar ta shige ciki, sai ta matso. "Ki yafe min."

"Me ka yi min, Malam Hamisu?"

"Kin sani."

"Ni na sani. Liman bai sani ba. Masu shayin bakin titi ba su sani ba. Surukan da suka gudu ba su sani ba. Ni kaɗai za ka gaya wa a ɗaki, kamar mai sayar da kayan sata?"

Hafsat da ke bakin ƙofa ta ce, "Haba Yaya, dubi halin da yake ciki."

"Na duba. Na duba na wani ma kafin shi." Ta juyo kan mara lafiyan. "A gaban mutane ka ɓata shi, a gaban mutane za ka wanke shi. Ka kira liman, ka kira dattawa, ka faɗi inda ka tsinci hularka. Ka ambaci sunansa da bakinka. In ka yi haka na yafe. In ba ka yi ba, wallahi mu haɗu can."

Hamisu ya rufe ido ya daɗe. Da ya buɗe, ba ita ya kalla ba, bango ya kalla.

"Shekarata saba'in da uku. In tara mutane in ce musu kaza ce..." Ya yi tari, Hafsat ta kawo ruwa ya kau da kai. "Ki ɗauki hular, Maman Fiddausi. Na ba ki. Babu irinta a ƙasar nan."

Ladidi ta ce, "In kai masa kabari ya sa?"

"To ki ba ni zuwa gobe."

"Gobe," in ji ta, ta miƙe.

Tana bakin ƙofa tana sa takalmi ta ji shi yana magana ƙasa-ƙasa. Ta tsaya, ta kasa kunne, ko zai ce a kira ta. Ashe da matarsa yake.

"Hafsat, wancan hoton mai jar riga ya karkace. Gyara shi."

Tirƙashi! Mutum ƙafarsa ɗaya a kabari, an kawo masa maganar ran wani, shi damuwarsa mai jar riga ya karkace. Nan take Ladidi ta yanke cewa goben nan ba za ta zo ba, mutumin nan ba zai taɓa faɗa ba. To in ita ba za ta samu abin da take so ba, shi ma ba zai mutu yana kallon abin da yake so ba. Ba ta san ta yaya ba, sai da ta fito tsakar gida.

Malam Mubarak ne tsugune gefen rijiya yana alwala. Ƙanen Hamisu ne, mai makarantar allo a Rigachikun, ya zo jinya. Kowa ya san fiye da shekara talatin bai taɓa zama a ɗakin yayansa ba, daga bakin ƙofa yake gaisuwa saboda hotunan. Mata 'yan dubiya kuma suna zaune kan tabarma gindin mangwaro. Ladidi ta samu wuri a cikinsu, ta gyara mayafi, ta yi ajiyar zuciya mai ƙarfi.

"Ya jikin nasa?" wata ta tambaya.

"Jiki kam sai addu'a. Ni abin da ya tsorata ni ɗakin ne." Ta ɗaga murya daidai yadda za ta kai rijiya. "Ai mun ji malamai suna cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hotuna. To wannan ko wurin sa allura babu. Ga gumaka jere suna kaɗa kai. Ta ina za su shigo masa, bayin Allah?"

Matan suka ɗauki salati.

"Akwai wani a Hayin Banki," Ladidi ta ci gaba, "kwana bakwai yana gargara, rai ya ƙi fita. Hoto ɗaya ne tak a kansa, na ɗaurin aurensa. Ana sauke shi Allah ya yi masa sauƙi."

Babu wani a Hayin Banki. A wurin ta ƙera shi, kuma bakinta bai yi rawa ba. Ta wutsiyar ido ta ga Malam Mubarak ya tsaya da buta a hannu, ruwa yana zuba ƙasa, bai wanke ƙafar da ta rage ba. Ta tashi ta yi musu sai anjima. Hafsat na tsaye a ƙofar ɗaki da kofin ruwa, ta ji komai, ta bi ta da kallo har ta fita.

Washegari da hantsi Ladidi ta ji ƙarar guduma ta katanga. Ta dama kunun tsamiya da sauri ta zuba a jug, don kada a ce kallo ya kawo ta.

Malam Mubarak ya zo da wasu 'yan uwansu maza biyu. Ɗaya ya hau kujera yana sauke hotunan, ɗaya yana fita da su tsakar gida. Hafsat na bin su tana cewa, "Malam, ku bari ya yi barci tukuna. Malam, ko a juya su su kalli bango mana." Ba mai sauraronta. Shi Malam Mubarak kuka yake yi, hawaye har gemu, kuma ba na munafunci ba ne.

Ladidi ta tsaya a bakin ƙofa inda za ta ga fuskar Hamisu sosai. Idonsa biyu. Duk hoton da aka cire sai ya bi shi da ido har ƙofa, ya dawo kan na gaba. Hannunsa na dama yana motsi kan zanin gado kamar mai neman abin da ya faɗi. Inda aka cire kowanne sai ka ga fenti sabo fes mai kusurwa huɗu, da ƙusa a tsaye.

"Mubarak," in ji shi. "Mubarak. Bar min ɗaya."

"Yaya, don kai nake yi. Wallahi don kai nake yi. Ka yi ta kalmar shahada."

"Ɗaya kawai. Na bakin taga. Ranar ina wurin... ina cikin filin..."

Aka sauke na bakin taga.

Ladidi ta jira idonsa ya faɗo kanta. Da ya faɗo, ba ta kau da nata ba. So take ya gane, kuma ya gane. Ta ga lokacin da ya gane ɗin, don leɓensa ya yi rawa ya saki. Ta ji sanyi ya ratsa ƙirjinta irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka fito da mijinta yana dafe da kunne. Ta ce a ranta, ɗanɗana, haka ake ji in ana kwashe wa mutum rayuwarsa yana kallo.

Sai ta ji ƙarar fashewa daga tsakar gida. Ta leƙa. Mutanen sun so su zare takardun su bar katakon, amma bayan firam ɗin ya ƙi buɗuwa, don wanda ya yi su ya toshe su da gam da ƙananan ƙusoshi yadda ko gara ba za ta samu hanya ba. Da suka gaji sai suka koma taka su da ƙafa, gilashi na tarwatsewa, maɗaci na karyewa. Sai a lokacin ta tuna aikin hannun wane ne. Bencinan masu shayi sun daɗe da ruɓewa. Waɗannan ne kaɗai suka rage a duniya da za a nuna a ce ga irin aikin Sharhabil. Ta buɗe baki za ta ce su tsaya. Ta tuna in ta ce su tsaya, hotunan za su tsira. Ta rufe bakinta, ta ajiye jug ɗin kunu a ƙasa.

A bolar bayan gida aka tara su, da katunan, da 'yan tsanar, aka zuba kananzir. Ƙwallaye da riguna da huluna aka bar su tunda ba su da fuska. Hayaƙin ya yi baƙi, yana warin roba, ya bi layi har masu shaguna suna tambayar abin da ke ƙonewa. Da Ladidi ta sake leƙa ɗakin kafin ta tafi, Hamisu ya daina motsa hannu. Ya ƙura wa bango ido, bakinsa ya ɗan karkace gefe ɗaya, miyau na bin haɓarsa.

Ta koma gida ta ci abinci har da ƙari.

Bayan la'asar aka yi sallama a zaurenta. Liman ne, da dattawa biyu na sahun farko.

"Ladidi, sa mayafinki ki zo. Tun jiya da yamma Malam Hamisu ya aiko min cewa yau bayan la'asar in zo da shaidu biyu, kuma a kira ki. Ya ce akwai maganar da zai yi kan marigayi mai gidanki."

Ladidi ta dafa ƙofa. "Jiya?"

"Jiya, kina fita ba da daɗewa ba, in ji mai ɗakinsa."

Ba ta san yadda ta isa ɗakin ba. Ɗakin ya zama wani iri, murya har amsawa take yi a ciki. Liman ya zauna bakin gado, ya kama hannun mara lafiya, ya yi masa sannu.

"Malam Hamisu, ga mu mun zo. Ga Ladidi. Faɗi abin da za ka faɗa, muna ji."

Idon Hamisu ya zo kan liman, ya wuce, ya koma bango. Maƙogwaronsa ya motsa. Wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne.

Malam Mubarak ya ce, "Tun da hantsi bai sake magana ba."

Ladidi ta durƙusa gaban gadon, ta manta da maza a wurin. "Malam Hamisu, ka ce gobe. Ga goben ta zo. Kalma ɗaya ce. Ka ce bai ɗauka ba. Ko kai ka gyaɗa. Malam Hamisu!"

Ko ƙifta ido bai yi ba.

Liman ya juya wajen ƙofa. "Hafsat, ke ce kusa da shi. Ko ya gaya miki abin da yake son faɗa?"

Ladidi ta juyo da sauri, ranta ya dawo. Ai ga mai maganar nan a tsaye. Ita ta ɗauki hular, ita ta kai akurki, kuma yanzu babu sauran auren da za a yi mata barazana da shi. Hafsat ta dubi mijinta, ta dubi ƙusoshin da ke bango. Sannan ta dubi Ladidi ido cikin ido. Idonta a bushe yake.

"Ban sani ba, Malam. Bai gaya min ba."

"Hafsat!" Ladidi ta miƙe. "Ki ji tsoron Allah! Ba ke kika zo ɗakina kina kuka ba? Malam, ita ce ta ɗauka, kaza ta sa wa, a akurki aka tsinta, wallahi tallahi..."

"Ladidi, Ladidi," in ji liman, ya ɗaga hannu. "Mutum yana kan gargara. Ba lokacin tone-tone ba ne. Wannan maganarki ce, mu kuwa tasa aka kira mu ji. In Allah ya buɗe bakinsa za mu dawo."

Dattawan biyu suka sunkuyar da kai, irin sunkuyarwar da ta sani.

A tsakar gida ta tare Hafsat, ta kama gefen hijabinta. "Don Allah, don Annabi. Ba don ni ba, don Fiddausi da 'ya'yanta."

Hafsat ta zare hijabinta a hankali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ina kuka na roƙe shi jiya, har ya yarda. Shekara tara ina roƙonsa, jiya ya yarda. Kwana ɗaya ya ce ki ba shi, Yaya Ladidi. Ke kika ce a share ɗaki. To an share."

Ta shige ciki ta saki labule.

Bakin Hamisu bai buɗe ba. Washegari da hantsi, rana ta ɗan ɗaga, kuka ya tashi ta bayan katanga. Ladidi na zaune gaban tanda ba ta hura wuta ba, ƙullun na ta kumbura a roba har ya fara zuba. Ta ce innalillahi, don dole a ce. Bayan azahar aka fito da makara, aka wuce ta ƙofarta da shi, jama'a har ƙarshen layi, har da masu gwanjo daga Kasuwar Barci.

Maƙwabci ba ya ƙin zaman makoki, ko me ke tsakani. Ta dafa shinkafa da wake, ta zuba a babban kwano, ta rufe, ta ɗaure da ƙyalle, ta kai da kanta. Wata daga cikin dangi ta karɓa ta shiga da shi ciki. Ladidi ta zauna can ƙarshen tabarma.

Mata na ta faɗin alherinsa. Wata ta ce ya gyara mata wuta bai karɓi komai ba. Wata ta ce bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Sai wata tsohuwa daga dangin Rigachikun, wadda ba ta san fuskar kowa a unguwar ba, ta ce, "Ai Hamisu haƙuri ne da shi. Ko kafintan nan da ya taɓa yi masa sata, ba shi ya je da kansa ya ce a sake shi ba? Har mutumin ya mutu bai sake tayar da maganar ba."

Wata ta taɓa tsohuwar da gwiwar hannu. Ladidi ta ɗago ta dubi Hafsat, wadda ke zaune jikin bango tsakanin 'yan uwanta. Hafsat tana jan carbi, ɗaya bayan ɗaya, idonta a ƙasa.

"Allah ya jiƙansa," in ji Hafsat.

"Amin," in ji matan.

Ladidi ta nemi takalmanta a cikin tarin da ke bakin ƙofa, ta daɗe ba ta ga ɗaya ba. Ta koma gida ta zauna a tsakar gida har aka kira magariba. Yayyafi ya fara sauka, ta tashi za ta rufe ƙofar zaure.

Kwanonta na ajiye a bakin ƙofar, daga ciki, an jingina shi da bango don kada a yi tuntuɓe da shi. Ta sunkuya ta ɗaga, da nauyinsa. Ƙullin da ta yi wa ƙyallen da hannunta yana nan yadda yake, ruwa na ɗiga a kan murfin.